Yadda ake wanke faifan garmaho a gida ba tare da an lalata shi ba

Tambayar da aka aiko ta fito ne daga wani bawan Allah da ya gaji akwati cike da faya-fayen garmaho daga mahaifinsa. Faya-fayen sun daɗe a ajiye, ƙura ta lulluɓe su, wasu har sun yi hunhuna, kuma idan ya ɗora ɗaya a kan inji, ƙaras-ƙaras ɗin da yake ji ya fi kiɗan ƙarfi. Yana son ya san ko zai iya wanke su da omo da ruwan famfo, ko kuwa ya goge su da sifirit kamar yadda wani mai gyaran rediyo ya ba shi shawara.

Allah ya jiƙan mahaifinka, ya sa ya huta. Malam, faifai yana wankuwa a gida, kuma mafi yawan ƙarar da kake ji za ta ragu ƙwarai idan aka yi wankin yadda ya kamata. Amma ina roƙonka ka ajiye omo da sifirit a gefe tukuna, ka kuma daina ɗora faya-fayen a kan inji har sai an wanke su, domin duk lokacin da allura ta bi ta cikin ƙura tana niƙa ta ne a jikin faifan, kuma ɓarnar da aka yi ta wannan hanya ba ta gyaruwa. A abin da na sha gani, faya-fayen da suka lalace a hannun masu gogewa da tsumma sun fi waɗanda tsufa ya lalata yawa.

Kafin ruwa ya taɓa ko ɗaya daga cikinsu, sai ka zauna ka rarraba su, saboda abin da ake kira faifan garmaho ba iri ɗaya ba ne, kuma abin da zai tsabtace wani shi ne zai narkar da wani. Akwai faifan roba, wanda aka yi da robar PVC aka haɗa ta da baƙin kabon. Shi ne babban faifan nan mai faɗin inci 12 da ke juyawa sau 33 da sulusi a minti ɗaya, wanda kamfanin Columbia ya fito da shi a Amurka a 1948, da kuma ƙaramin mai inci 7 da ke juyawa sau 45, wanda kamfanin RCA Victor ya fito da shi a 1949. Ba shi da nauyi sosai, yana ɗan lanƙwasuwa idan ka riƙe shi da hannu biyu. Akwai kuma tsohon faifai mai juyawa sau 78, galibi mai inci 10, mai nauyi da tauri, wanda ba ya lanƙwasuwa ko kaɗan, idan ya faɗi kuwa fashewa yake yi. Wannan ba roba ba ce. An yi shi ne da shelak, wato wani ƙaro da wani ɗan ƙwaro ke fitarwa a jikin itatuwa a ƙasashen Indiya da Tailan, aka cuɗa shi da garin dutse. Sifirit yana narkar da shelak, hasali ma da shi masu fentin katako suke narka shi, saboda haka da ka bi shawarar mai gyaran rediyon a kan irin wannan faifai, da fuskarsa ta yi laushi ta dusashe, sautin ya tafi gaba ɗaya. Omo ma yana cin shelak, domin yana ɗauke da sinadarai masu kaifi irin na kanwa da soda.

Iri na uku ba kasafai ake samun sa a gidaje ba, amma idan mahaifinka ya yi aiki a gidan rediyo ko ya yi hulɗa da masu ɗaukar sauti, yana iya yiwuwa ka tarar da shi. Faranti ne na alminiyum da aka shafa wa wani baƙin fenti mai ƙyalli, ana yanka sautin kai tsaye a kansa, kuma sau da yawa kwafi ɗaya tak ake yi. Za ka gane shi da ƙarfen da ke leƙowa a cikin ramin tsakiya, da ƙarin rami a kusa da na tsakiyan, da takardar da aka rubuta da hannu ko da tafireta. Idan ya tsufa yakan fitar da wani farin gari mai maiƙo wanda mutane ke ɗauka hunhuna ce, fentin kuma yakan tsattsage ya riƙa ɓarewa daga jikin ƙarfen. Irin wannan kada ka wanke shi, kada ka ɗora masa allura. Ka ware shi a wuri mai sanyi ka nemi ma'aikatan ɗakin adana sauti na wani gidan rediyo ko jami'a, domin mai yiwuwa abin da ke kansa babu shi a ko'ina sai nan.

Sauran bayanina zai fi karkata ga faifan roba, wanda nake kyautata zaton shi ne ya fi yawa a akwatinka. Domin ka fahimci dalilin kowane mataki, yana da kyau ka san inda dattin yake zama. Layukan da kake gani a fuskar faifai layi ɗaya ne tak da ya nannaɗe daga baki zuwa tsakiya, kuma a gefe ɗaya na babban faifai tsawonsa yakan kai mita 400 zuwa 500. Kwarmi ne siriri wanda faɗinsa bai wuce kaurin gashin kai ba, yana da bango biyu, kuma a jikin waɗannan bangaye aka sassaƙa sautin, ɗaya na lasifikar dama ɗaya na ta hagu idan faifan sitiriyo ne. A bakin faifan, kwarmin yana wucewa a ƙarƙashin allura da gudun kusan rabin mita a daƙiƙa ɗaya. Allurar ba ta iya bambanta sassaƙar da aka yi da gangan da ƙwayar yashin da ta faɗa ciki, duk abin da ta ci karo da shi sai ta mayar da shi sauti. Ƙurar da ke kwance a saman faifai, wadda ido ke gani, ba ita ce babbar matsala ba. Matsalar tana can ƙasan kwarmi, inda ƙura ta haɗu da maiƙon yatsa da hayaƙin girki da na taba ta daskare. Tsumma ba ya isa wurin, abin da kawai yake yi shi ne ya kwaso ta sama ya tura ta ƙasa, ya kuma ja ƙwayoyin yashi a kan fuskar faifan su bar zane. Saboda haka manufar wanki ita ce a jiƙa dattin ya saki, a ɗago shi, sannan a fitar da shi daga faifan gaba ɗaya kafin ruwan ya bushe.

A ƙasarmu lamarin ya fi tsanani fiye da yadda yake a ƙasashen da aka ƙera waɗannan injuna. Ƙurar hunturu, wadda kaso mai yawa nata ke tasowa daga kwarin Bodele a ƙasar Chadi, ta ƙunshi ƙananan ƙwayoyin ma'adini masu tauri da suka fi roba ƙarfi nesa ba kusa ba. Sannan bushewar iska a wannan lokaci tana sa lantarkin guga ya taru a jikin roba, har ka ji faifan yana manne wa jakarsa yana ƙas-ƙas idan ka zaro shi, kuma wannan lantarki shi ke janyo ƙurar da ke yawo a ɗaki ta zauna a kansa. Goge faifai da busasshen ƙyalle a watan Disamba ko Janairu ƙara masa wannan lantarki ne, cikin 'yan mintoci sai ka ga ya fi dā ƙura.

Matakin farko shi ne kawar da ƙurar da ba ta manne ba, ba tare da dannawa ba. Ka wanke hannunka, ka riƙe faifan ta bakinsa da takardar tsakiya kawai. Idan kana da 'yar robar hura iska irin wadda masu kyamara da masu gyaran agogo ke amfani da ita, ka fara da ita. Kada ka hura da baki, saboda yawu. Bayan haka ka bi shi da buroshi mai taushi ƙwarai, kana bin zagayen layin, ba kana tsallaka shi ba. Wanda aka yi domin wannan aiki yana da gashin kabon sirara da ke shiga kwarmi su kuma rage lantarkin guga, amma idan babu shi, sabon buroshin kwalliya mai laushi ko na masu zane zai wadatar, muddin ba a taɓa amfani da shi a wani abu ba. Faifan da laka ko ƙasar gara ta manne masa kuwa, kada ka kai masa buroshi a bushe ko kaɗan, sai ruwa ya fara kwashe ƙasar.

Ruwa shi ne abin da na fi so ka ba muhimmanci, fiye da sabulu ma. Ruwan rijiya da na burtsatse da na famfo duk suna ɗauke da ma'adinai narkakku, waɗanda su ne ke barin farin tabo a cikin butar shayi. Idan irin wannan ruwa ya bushe a cikin kwarmin faifai, ma'adinan suna zama a wurin, sai ka wanke faifai ka ji ƙararsa ta ƙaru. Tafasa ruwan ba ya magance wannan, ruwan leda da na gora ma ba a raba su da ma'adinai ba, domin an yi su ne don sha. Abin da ake buƙata shi ne ruwan da aka tace ta hanyar tururi, wanda ake samu a manyan kemis da wurin masu sayar da kayan ɗakin gwaje-gwaje. Ana sayar da irinsa don ƙarawa a batirin mota, amma a nan sai ka yi hattara matuƙa, domin a kasuwa sunan ruwan batir yana hawa kan abu biyu, tataccen ruwa da kuma ruwan asid mai ƙona fata da tufafi. Kada ka karɓi wanda aka ɗura a gorar da ba ta da rubutu. Gwajin da za ka yi a gida mai sauƙi ne: ka ɗiga ruwan a kan madubi mai tsabta ka bar shi ya bushe, idan ya bar farin da'ira bai dace ba, idan bai bar komai ba ya yi. Wanda bai samu na saye ba yana iya haɗa nasa. A zuba ruwa a babbar tukunya, a ajiye kwano mai tsabta a tsakiyarta yadda ruwan ba zai shiga cikinsa ba, a kifa murfin tukunyar a juye, a zuba ruwan sanyi ko ƙanƙara a kan murfin, a bar wuta ƙasa-ƙasa. Tururin zai taru a jikin murfin ya riƙa ɗiga cikin kwanon. Aikin yana cin lokaci da makamashi, amma lita ɗaya tana ɗauraye faya-fayai da dama idan aka yi tattali.

Ruwa kaɗai ba ya shiga kwarmi da kyau, domin a kan roba dunƙulewa yake yi ya tsaya a sama, shi ya sa ake ƙara masa ɗan abin da zai sa ya bazu ya kuma narkar da maiƙo. Ɗakin karatu na Majalisar Dokokin Amurka, wanda ke ajiye da ɗimbin faya-fayai, yana amfani da wani sinadari mai suna Tergitol, mililita 2 a cikin lita 4 ta tataccen ruwa. Na kawo wannan ne domin ka ga ƙanƙantar abin da ake sakawa, wato rabin mililita a lita guda. Da wuya ka sami wannan sinadari a kasuwanninmu, saboda haka abin da ya fi kusa shi ne sabulun ruwa na wanke kwanuka, wanda ba a haɗa shi da man laushin hannu ba, ɗigo biyu ko uku a lita ɗaya. Idan ruwan yana kumfa sosai, sabulun ya yi yawa. Omo bai dace ba ko a kan faifan roba, saboda garinsa ba ya narkewa duka, ƙwayoyin da suka rage suna karce faifan, kuma yana ɗauke da turare da sinadaran haskaka tufafi da aka yi su domin su zauna a jikin abin da aka wanke. Sabulun wanka da sabulun salo suna barin maiƙo. Kalanzir da fetur da tina da ruwan cire jan farce da bilic kuwa, ko kusa da faifai kada a kawo su, haka ma man goge baki da man shafa katako da wasu ke sakawa don faifan ya yi ƙyalli. Ƙyallin faifai ba shi ne tsabtarsa ba.

Game da sifirit a kan faifan roba, masu wannan sana'a sun rabu biyu. Wasu suna haɗa kashi ɗaya na tsantsar alkohol nau'in aisofurofil da kashi huɗu na tataccen ruwa, domin yana cire maiƙon yatsa da sauri yana kuma bushewa da wuri, wasu kuma suna guje masa don tsoron kada yawan amfani da shi ya taɓa sinadaran da aka haɗa robar da su. A ganina, wanki ɗaya da irin wannan haɗi ba zai cutar da faifan roba ba idan aka ɗauraye shi, amma ban ga dalilin da zai sa ka fara da shi ba. Sifirit ɗin da aka fi samu a kemis an gauraya shi da wasu abubuwa, wani har da launi, ba tsantsa ba ne. Bayan haka, wasu ƙananan faya-fayai masu juyawa sau 45, musamman bugun Amurka, ba da PVC aka yi su ba, da wata roba ce mai tauri da saurin tsagewa wadda ba ta jure sinadarai. Mafi muhimmanci kuma, kwalbar sifirit a kusa da akwatin da faifan shelak ke ciki haɗari ce, kuskure ɗaya ya isa. Ruwa da ɗigon sabulu suna aiki a kan duka biyun.

Ga yadda wankin kansa yake. Ka zaɓi ɗaki mai inuwa da ba iska ke kaɗawa a ciki ba, ka kashe fanka, ka shimfiɗa tawul mai tsabta a kan tebur. Ruwan ya kasance mai sanyin ɗaki, kuma ka lura cewa ruwan tankin da ke kan rufi yakan yi zafi da rana har ya iya lanƙwasa faifai. Idan faifan ya yi datti ƙwarai, babu laifi ka fara zuba masa ruwan famfo daga buta domin ya kwashe yashi, kana riƙe da shi a karkace yadda ruwan zai gangara ta baki ba ta kan takardar tsakiya ba, tunda ɗaurayar ƙarshe da tataccen ruwa za a yi ta. Daga nan ka kwantar da shi a kan tawul, ka zuba ruwan sabulun ya rufe layukan, ka bar shi minti biyu zuwa uku ya jiƙa. Wannan jira shi ne rabin aikin, kuma shi mutane suka fi tsallakewa. Sai ka ɗauki buroshi mai laushi ko ƙyallen karan-miski ka bi zagayen a hankali, sau uku ko huɗu ta dama, sau uku ko huɗu ta hagu, da nauyin buroshin kawai. Kada ka bar ruwan sabulun ya bushe a kan faifan, wanda a lokacin rani yakan faru da sauri, domin idan ya bushe dattin da ka ɗago ya koma inda ya fito. Ka ɗauraye da tataccen ruwa sau biyu, ka juya ɗaya gefen a kan wani busasshen tawul ka maimaita. Buroshin ma sai an riƙa ɗauraye shi tsakanin faifai da faifai, ruwan da aka yi amfani da shi kuma a zubar.

Takardar tsakiya tana buƙatar kulawa, domin a kanta sunan mawaƙi da na kamfani da lambar bugu suke, kuma tawadar wasu takardun tana zuba da zarar ta jiƙe. Ana sayar da wasu marufai biyu masu zoben roba da ake ɗaurewa ta ramin tsakiya su rufe ta, kuma mai dabara yana iya haɗa irinsu da murfin gwangwani biyu da kusa mai noti. Idan babu, kulawa wajen zuba ruwa ta isa. In ruwa ya taɓa ta, ka ɗora busasshen ƙyalle ka danna a hankali ya tsotse, kada ka goga.

Wajen busarwa, ka tsane ruwan da ƙyalle mai laushi marar zubar da zare, irin na goge gilashin ido amma babba, kana bin zagaye kamar dai yadda ka yi da buroshi. Takardar bayan gida da auduga suna barin zare a cikin kwarmi. Daga nan ka jingina faifan a tsaye a kan abin jera faranti, a inuwa, na aƙalla rabin awa zuwa awa ɗaya, ka yafa wani ƙyalle mai tsabta a sama yadda ba zai taɓa shi ba idan lokacin ƙura ne. Kada a shanya shi a rana, kada a busar da shi da injin busar da gashi. Faifan shelak kuwa ba a jiƙa shi ya daɗe, a wanke shi da sauri a tsane, sannan a bar shi kwana ɗaya cur kafin a mayar da shi jaka ko a ɗora masa allura, domin yana shan danshi. Wasu daga cikin irinsa an yi su ne hawa-hawa da takarda a ciki, saboda haka duk wanda bakinsa ya ɓantare har kana ganin cikinsa, ka tsaya a kan buroshi kawai.

Hunhuna tana zuwa ne daga damina, kuma abincinta takarda da maiƙon yatsa ne, shi ya sa takan fara daga jaka ta bazu zuwa faifai. Ka fitar da irin waɗannan waje, ka rufe hancinka da takunkumi, ka wanke su daban a ƙarshe, kuma yawanci sai an yi musu wanki biyu. Jakar takarda ta ciki da ta yi hunhuna a jefar da ita. Kwalin waje mai hoto kuwa ka goge shi da busasshen buroshi ka bar shi ya sha iska a inuwa, idan har yanzu yana wari ka ajiye shi daban da faifan, amma kada ka yar, domin bayanan da ke jikinsa wani ɓangare ne na tarihin faifan.

Za ka ji ana maganar injunan wanki. Wanda kamfanin Keith Monks ya fara ƙerawa a Ingila a ƙarshen shekarun 1960, wanda gidan rediyon BBC ya yi amfani da shi, yana zuƙe ruwan dattin ne daga cikin kwarmi, kuma wannan zuƙa ita ce fifikon inji a kan hannu. Na zamani wasu suna girgiza ruwa da sautin da kunne ba ya ji, ƙananan kumfa su fasa dattin. Suna aiki sosai, amma tsadarsu ba ta dace da mai akwati ɗaya ba. Akwai kuma hanyoyi biyu da ake yaɗawa waɗanda ban yarda ka gwada ba. Ta farko ita ce shafe faifai da farin gam na kafinta a bar shi ya bushe a ɓare, wanda yakan fitar da datti amma duk guntun da ya maƙale a kwarmi yana iya fizge allura. Ta biyu ita ce kunna faifai yana jiƙe, wadda ke rage ƙara a lokacin, amma tana mayar da ƙurar taɓo ya daskare a ƙasan kwarmi, ruwan kuma ya hau jikin allurar ya lalata ta.

Ya kamata ka san iyakar abin da wanki zai yi. Yana cire datti, amma ba ya mayar da robar da ta riga ta tafi. Idan ƙarar tana dawowa a wuri ɗaya a kowane zagaye, zane ne, kuma idan farcenka yana jin sa allura ma za ta ji shi. Idan layukan sun yi fari-fari ko toka-toka a ƙarƙashin fitila, muryar mawaƙi kuma tana shaƙewa a wuraren da ya ɗaga ta, tsohuwar allura ce ta cinye bangon kwarmin tun shekaru da suka wuce. Faifan da aka wanke sau biyu da kyau bai canja ba, wanki na uku ba zai ƙara masa komai ba, sai a saurare shi a haka.

Wannan ya kawo mu ga allurar injinka, domin babu amfanin wanke faifai a miƙa shi ga allurar da ta ƙare. Allurar lu'ulu'u takan yi awa 500 zuwa 1000 tana aiki kafin bakinta ya cinye, masu araha kuwa ba sa kai ko kusa da haka, kuma idan injin na mahaifinka ne ba ka san tarihin allurarsa ba, canja ta shi ne daidai. Ana share ta da ɗan ƙaramin buroshi daga baya zuwa gaba kawai, wato ta fuskar da faifai ke bi, ba a taɓa ta da yatsa. Yawancin allurai na zamani nauyin giram ɗaya da rabi zuwa biyu da rabi suke buƙata, saboda haka al'adar ɗora kwabo a kan hannun allura don kada ta yi tsalle tana cin faifai da gaske. Faifan 78 yana da kwarmi mai faɗi, allurarsa daban ce mai kauri. Tsohon garmaho da ake murɗawa da hannu, mai allurar ƙarfe, na faifan shelak ne kaɗai, ana canja allurarsa bayan kowane gefe, kuma idan aka ɗora masa faifan roba zai huɗe shi a juyi ɗaya.

Faifan da aka wanke kada ya koma tsohuwar jakarsa mai ƙura. Ka nemi sabuwar jaka ta ciki, wadda aka yi da siririyar leda marar sheƙi ko takarda mai shimfiɗar leda a ciki. Kaurarar leda mai sheƙi da warin roba, irin ta PVC, takan fitar da wani sinadari a cikin zafi wanda ke barin hazo a fuskar faifai, kuma wannan hazon ba ya wankuwa. Ka jera su a tsaye, ba a kwance wani kan wani ba, ba kuma a jingine a karkace ba, ka raba manya da ƙanana, ka raba na shelak da na roba. Ka ɗaga su daga ƙasa saboda gara da ruwan damina, ka nisanta su da taga da bangon da rana ke duka da kuma saman kabad a ɗakin kwano marar silin, inda zafin watan Afrilu ke taruwa. Barin faifai a cikin mota a rana na ɗan lokaci kaɗan ya isa ya lanƙwasa shi. Bayan wanki mai kyau guda ɗaya, faifan da ake ajiyewa haka ba ya bukatar ruwa kuma sai bayan shekaru, buroshi kafin kowane saurare ya wadatar.

Idan a cikin akwatin akwai bugun Najeriya, irin waɗanda kamfanoni kamar EMI da Decca suka fitar kafin kaset ya karɓe kasuwa, musamman na mawaƙanmu irin su Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos, kada ka fara koyon wanki a kansu. Ka gwada hannunka a kan faifan da bai dame ka ba har sai ka saba, sannan ka zo kansu. Da zarar kowanne ya bushe, saurarensa na farko da sabuwar allura ya kasance kana ɗaukar sautin a kwamfuta, ta hanyar haɗa injin da ita da kebul da amfani da manhaja irin Audacity, wadda kyauta ce. Ka ajiye sautin a tsarin WAV, wanda ba ya rage ingancin sauti, ba MP3 ba, ka ɗauki hoton takardar tsakiya ta gefe biyu da na kwalin gaba da baya, ka sa wa fayil ɗin sunan mawaƙi da lambar da ke jikin takardar, sannan ka ajiye kwafi a wuri biyu daban-daban.